Farin garin da rana ke sa shi aiki

Malam Edita, assalamu alaikum. Daga Maradi nike rubuto maka, kuma wallahi abin da ya sa ni rubutu ƙanwata ce da ke karatun kimiyyar sinadarai. Ran nan ta nuna min aikinta, ruwa ne garau mai gishirin zinki a ciki, tana ɗiga mai soda kaɗan-kaɗan tana motsawa, sai ga shi ya yi fari kamar farau-farau, ta tace ta wanke ta busar, aka gasa shi a wutar da ta kai digiri 400. Abin da ya fito wani farin gari ne, oksid na zinki, ƙwayoyinshi ba su kai nanomita 100 ba, alhali silin gashin kai ɗaya kaurinshi ya kai wajen nanomita 80,000.

Garin nan semikondakta ne, ba ya wuce da kuran kamar wayar tagulla, ba ya tare shi kamar roba, sai hasken rana ya buge shi sannan ya motsa. Da idona na gani, ta barbaɗa shi cikin kwalbar ruwa mai shuɗi ta aje a tsakar gida, kafin la'asar launin ya kwanta sosai, wata kwalbar irinta da ta aje cikin ɗaki kuwa da sauran shuɗinta. Tun 1972 Fujishima da Honda na Japan suka nuna oksid na titaniyom, wani semikondakta kamar na zinkin nan, na raba ruwa ya koma iskar haidurojin da ta oksijin in haske ya taɓa shi, to mu da rana ke gasa mu tun safe, ga ruwan marina da na majema ana zubarwa a lungu yara na takawa, me muke jira ba mu sa garin nan ya kashe launin ruwan ba? Har da ruwan ganyen zogale ko na bedi ana haɗa garin, duk muna da su a gida.

Inda abin ke min ciwo, ta iya haɗawa amma ba ta iya tabbatar da abin da ta haɗa, sai na'urar hasken X da ke nuna tsarin ƙwayoyin da madubin elektaron da ke nuna girmansu. Sai da ta aika samfurinta waje, kuɗin aike daga aljihuna, ta yi wata da watanni tana jiran sakamako.

Don Allah hukuma da alhazan Maradi masu hali, ku haɗa hannu a sayi na'urorin nan ko guda-guda ne, a aje wuri ɗaya da kuran mai tsayawa da ma'aikacin da ya san gyaransu, ɗaliban Damagaram da Tawa ma su zo su yi awo.

Naka, mai karanta jaridarku daga Maradi.