Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Dattawa, iyaye mata da 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a madadinku cikin shekarar da ta wuce.

Tarukan wata-wata sun gudana, in ban da na tsakiyar damina, lokacin da kowa ke gona. An biya hayar ofis, an sake wa gangunan da suka fashe fata. Lissafin shiga da fita kuwa ma'aji zai karanta shi a zauren taro.

Babban aikinmu bana shi ne kalankuwa, wadda muka yi bayan amfanin gona ya shigo gida. Tun a zaman farko aka yi ja-in-ja. Samari suka ce sai an ɗauko mai kiɗan na'ura da manyan lasifikoki, dattawa suka ce ko makaɗan gari ko a fasa. Daga ƙarshe aka bar wa makaɗa yini, samari suka karɓi bayan isha'i, bisa sharaɗin da malamai suka gindaya: a tsaya in an kira salla, maza da mata kowa da ɓangarensa, a watse kafin dare ya raba.

Wanda bai zo da la'asar ba ya yi asara. Mai kalangu na sakin taken mahauta sai ga wani dattijon mahauci, furfura fal, ya tattare babbar riga ya faɗo fili, 'ya'yansa na biye suna liƙi. Gangar noma ta tayar da manoma, dundufa ta tayar da maƙera. Yara da dama ran nan suka fara sanin cewa sana'ar gidansu na da nata kiɗa. A cikin gida kuma mata sun sha kiɗan ƙwarya da shantu har magariba.

Abin da ya fi faranta wa kwamiti rai shi ne zuwan maƙwabtanmu Fulani. Kowa ya san tsamin da ɓarnar gona ta bari bara. Ba takarda muka aika ba, da ƙafa muka kai goron gayyata ruga, su kuma suka zo da masu sarewa. Ba mu ce rawa ta kashe rigima ba, amma a kan tabarmar bikin nan aka sa ranar zama kan maganar burtali, kuma an yi zaman. Magabata sun riga mu wannan dabara: bikin Argungu ya kafu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Akwai gyara. Janareta ya mutu ana tsakiyar wasa, ruwan sha bai wadaci baƙi ba, wasu kuma har yau ba su biya kuɗin karo-karo ba, sun san kansu. Babbar damuwar ita ce makaɗanmu sun manyanta, kuma yawancinsu ba su da magada. Saboda haka kwamiti na neman amincewarku a fara naɗar take da kirarin kowace sana'a a waya, a kuma ware yammacin Asabar don koya wa yara masu sha'awa, da izinin iyayensu.

Za a tattauna wannan a babban taro mai zuwa. Kowa ya taho da katinsa da cikon kuɗinsa.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.