Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Tseren Mota na Shekarar 2024

Assalamu alaikum. Alhaji Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, ina yi mana barka da ganin ƙarshen shekara lafiya.

Mun zauna taron wata sau 10. Na cikin azumi da na Babbar Sallah ne kawai ba a yi ba.

Zan fara da kuɗi, domin duk wani ƙorafi da zai biyo baya daga nan ya samo tushe. Mu 34 ne a littafi, kuma da bakinmu muka amince da dala 40 a wata. Mutum 13 suka biya cif. Mutum 9 sun biya kamar rabi suka yi shiru. Sauran 12 ko sisi. Da kowa ya cika alkawari da dala 16,320 ta shigo asusu, amma 8,400 Yaya Ma'aji ya ƙirga. Daga cikinta aka biya hayar wurin ajiye mota, kuɗin shiga gasa, taya, mai da kayan birki. Ni da Yaya Ma'aji mun yi waya, mun tura saƙo, mun tare mutane a ƙofar masallaci bayan Juma'a har wasu suka fara sauya hanya in sun hango mu. Wallahi na gaji da wannan bi. Ba albashi ake ba mu ba, mu ma da iyali da aikin dare muke fama kamar kowa.

Babban aikin bana shi ne gyaran ɓangaren baya na motar tserenmu. Kun san ciwon da Mustang ɗinmu ta 1995 ta sha fama da shi bara: tana shiga kwana lafiya, amma da direba ya taka totur zai fita, sai tayar baya ta ciki ta kama juyawa a banza tana hayaƙi, ko kuma gindin motar ya fizge gefe ba gargaɗi. Motoci masu ƙaramin inji suna wuce mu a miƙaƙƙiyar hanya, don kawai sun riga mu taka wuta. A taron Janairu wasu sun nace a ƙara wa injin ƙarfi. Malam babban makaniki ya ce doki 215 da aka ƙero ta da su ma ba ma iya sauke su a kan kwalta, to ina amfanin ƙari? Aka bi maganarsa, kuma ita ce daidai.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ƙarƙashinta ba: tayoyin baya biyu a jikin dunƙulallen aksil ɗaya suke, irin na Fijo 504 akori-kura da yawancinmu muka tashi muna gani a gida. Abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayar. A yawancin Mustang daga 1979 zuwa 2004 hannaye huɗu na ƙarfe ke riƙe wannan aksil a jikin bodi, biyu a ƙasa, gajeru biyu a sama da aka karkata su. Na saman nan aiki biyu aka ɗora musu, su hana aksil murɗewa, su kuma hana shi zamewa gefe. Da roba mai laushi a bakinsu suna iya lallaɓawa. To wanda ya sayar mana da motar ya cire robar ya sa bushin mai tauri a ko'ina, yana ganin gyara ya yi. Idan bodi ya kwanta a kwana sai hannayen su cije, bayan motar ya sandare kamar an ɗaure shi, tayar ciki ta yi sama.

Akwai kuma abin da ni kaina sai bana na fahimta. Idan an taka totur, farfela tana murɗa aksil ɗin gaba ɗaya, ta danne tayar hagu ta sassauta ta dama. A kwanar dama kuwa nauyin mota dama can hagu yake tafiya. Kenan tayar dama ta baya sau biyu ake rage mata nauyi. Filin da muka fi zuwa, Lime Rock Park a jihar Connecticut, kwana 7 ne da shi, 6 na dama, ɗaya tak na hagu. Shi ya sa can ne ciwon ya fi tsananta.

Daga Fabrairu zuwa Mayu, mutum biyar, kusan kowace Asabar, ga abin da aka yi. An ɗaura sandar Panhard, doguwar sanda a kwance da ke haɗa aksil da bodi, ta karɓi aikin riƙe gefe, aka daidaita ta ta kwanta sak idan direba na zaune a ciki. An cire hannu ɗaya daga na sama, aka bar ɗayan. An sauya sandar hana kwanciya ta baya da siririya. An sassauta shokazoba ta yadda tayar ciki za ta riƙa saurin komawa ƙasa. Batir ya tashi daga gaba ya koma but ta ɓangaren dama. Da aka buɗe difaren, faifan kulocin da ke ɗaure tayoyin biyu sun cinye ƙarƙaf, aka zuba sababbi. Sannan, abin da ya jawo musu mafi tsawo, an ɗaga bayan motar da kamar inci ɗaya. Samarinmu sun fi son ta kwance a ƙasa don kyau, amma saukar da aka yi mata ya sa hannayen ƙasa sun sunkuya ta gaba, sai ya zama in an taka wuta motar zama take yi maimakon ta danna taya cikin kwalta. Da cijewar nan ta tafi sai bayan ya yi laushi fiye da kima, dole aka ƙara taurin sifirin kaɗan. Wannan ya ci mana ranar gwaji guda.

Na san za a tambaye ni doguwar sandar riƙe murɗa da muka yi alkawari, da difaren Torsen mai aiki da haƙora maimakon kuloci. Ba a yi su ba, kuma ba sakaci ba ne. Da aka kwance bayan motar sai aka tarar wurin da hannayen ƙasa ke kamawa a jikin bodi ya tsage ta gefe biyu, cutar da aka san waɗannan motoci da ita. Ba za mu sa ɗan wani a mota mai tsagaggen ƙarfe ba. Walda da farantan ƙarfafawa suka cinye kuɗin da aka ware da makonni uku. Wanda ya ce zai kawo injin waldarsa bai kawo ba, sai haya muka yi. Shagon da muka yi odar wasu kaya kuma ya turo mana na wata shekarar daban, wata guda ya tafi a mayarwa. Hannu uku da muke kai yanzu rufin asiri ne na ɗan lokaci, domin duk wahalar a kan hannu ɗaya na sama take sauka. Da rabin bashin da ke waje ya shigo, da an gama sandar riƙe murɗa da difaren duka biyun kafin bazara. Tirelar ɗaukar mota ma haka, har yanzu aro muke yi.

Yanzu ga abin farin ciki. Asabar ɗin nan ta watan Satumba ba zan manta da ita ba. A Lime Rock ba a tsere ranar Lahadi, don haka rana ɗaya ce, babu gyara kuskure washegari. Muka bar Bronx da ke birnin New York bayan sallar asuba da motoci huɗu. Hajiya da matan ƙungiya sun kwana suna girki, ga koko da ƙosai na safe, ga wake da shinkafa da shito na rana, har maƙwabtanmu a wurin ajiye motoci suka riƙa leƙowa da faranti. Allah ya saka musu da alheri, su da ba a taɓa bin su kuɗin wata ba amma ba su taɓa fashi ba.

A gwajin safe ƙaninmu direba ya fito ya cire hular kwano yana murmushi, ya ce, "Yaya, yau mota tana jin magana." Malam ya auna zafin taya ya rage iskar baya kaɗan, ya ce masa ya daina saukowa giya ta biyu, ya zauna a ta uku, ya gama juya sitiyari da wuri, ya riƙa matsa totur a hankali gwargwadon yadda yake warware hannu. Yaron ya ji, ya kuma aikata. Da aka zo tseren, mun tashi na 11 cikin motoci 17. Ina tsaye a kan tudun ciyawa ina kallon fitarsa daga Big Bend, babbar kwanar da ke ƙarshen doguwar hanya, inda bara muke rufe ido: babu hayaƙi, babu fizga, motar ta kama ƙasa ta miƙe. Motoci uku ya wuce a ƙarshen doguwar hanya, duk saboda ya riga su taka wuta tun daga kwanar gangara ta ƙarshe. Ya gama na 5, zagayensa mafi sauri ya fi na bara da kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, a fili mai tsawon mil 1.5 kacal, da inji ɗaya, da irin taya ɗaya. Alhaji Shugaba, da shekarunsa, sai da ya yi kabbara da ƙarfi. Muka yi la'asar a kan ciyawa gefen tirela, Malam kuwa ya kasa cewa komai, hawaye yake sharewa da hannu mai baƙin mai.

Hotunan ranar sun yi yawo sosai. Na ga mutanen da ba su taka gareji ko sau ɗaya ba bana, ba su biya ko wata ɗaya ba, sun ɗora suna rubuta "motarmu". Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Wanda aka sallama daga aiki ko yake da mara lafiya ya zo ya faɗa wa Alhaji Shugaba a asirce, mu 'yan'uwa ne, za a ɗauke masa. Wanda kuma sha'awar ta fita daga ransa ya faɗa, a cire sunansa cikin mutunci, mu san mu nawa ne kafin mu sake yin kasafi a kan kuɗin da ba zai zo ba.

Motar tana kan jak yanzu, an sauke aksil. Za a zauna taro Lahadin farko ta Janairu bayan azahar, kuma abu biyu ne a gabanmu: matsayin masu bashin da ya haura wata shida, da wanda za a fara saye tsakanin sandar riƙe murɗa da difaren. Malam yana buƙatar mutum huɗu kowace Asabar har zuwa Maris, ba sai makanikai ba, mai riƙe fitila da mai wanke kaya ma suna da amfani. A zo da kuɗin wata a hannu, Yaya Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya