A Riƙa Buɗe Saƙo Kafin A Ba Matafiyi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyayenmu da 'yan'uwanmu na gida a kan saƙon da suke aiko mana, mu da aiki ko karatu ya kawo ƙasar waje. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Leeds, arewacin Ingila, 'yar asalin Katsina.

Shagunan 'yan Afirka suna nan birjik, amma kayan Kudu ne suka cika su: garin kwaki, agushi, manja da doya. Kuka mai kyau da daddawar kalwa sai an sha wuya, in ma an samu, ta kwana biyu har launinta ya dushe. A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sanyi na ratsa ƙashi, ba abin da ke kwantar mini da hankali kamar in tuƙa tuwo in kaɗa miyar kuka da daddawar da Hajiyarmu ta aiko. Leda kan leda take naɗe ta, ta cusa a gwangwanin madara da ta wanke, ta liƙe bakin da salatif, sannan ta sa jikarta ta rubuta sunana a kai. Yaji kuwa da kanta take dakawa, da citta da masoro da kanumfari, ba ta yarda a kai inji. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani. Dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da nono da duk abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu, saboda gudun cututtukan dabbobi. Kilishi, dambun nama da man shanu duk suna ciki. In jami'an kwastan suka gani, ƙwacewa za su yi su lalata. A Amurka har tara ake ci idan mutum ya ɓoye bai bayyana ba. Raina yana ɓaci in na tuna uwa ta ƙuntata wa kanta ta sayi kilishi da tsadar yau, ya ƙare a kwandon sharar filin jirgi. Busasshen kifi an yarda da shi, zuma ma an yarda in ba ta wuce kilo 2 ba.

Babbar damuwata ita ce ƙullin da ake kawowa a ɗaure tamau daren tafiya, a ce wa matafiyi, "Don Allah ɗan saƙo ne, ba nauyi." Shi kuma nauyin baki ya hana shi tambaya, musamman in mai saƙon gwaggo ce ko surukar yayansa. In ya daure ya ce zai duba, sai a ce, "Au, ba ka yarda da ni ba ne?" Alhali a filin jirgi shi za a tambaya ko shi ya haɗa kayansa da hannunsa, kuma shi zai amsa duk abin da aka samu a ciki.

Ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan wasu miyagu a filin jirgin Kano sun liƙa sunanta a jakar da ke ɗauke da Tramadol. Sai a 2019 aka sako ta, bayan bincike ya wanke ta. Ita ko ganin jakar ba ta yi ba, ta sha wannan wahala, balle wanda ya karɓi ƙulli da hannunsa ya sa a akwatinsa.

Don haka, Edita, a taimaka a isar wa jama'a: a kawo saƙo da wuri, a buɗe shi a gaban mai ɗauka, a nuna masa komai ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaure. A tuna akwati ɗaya yawanci kilo 23 ne, kuma shi ma yana da nasa kayan. Wanda ya ce ba zai iya ɗauka ba, a yi masa uzuri, kada a mayar da abin gaba.

Wassalam,

Mai karatunku,
daga Leeds, Ingila.