A Yi Gwajin Jini Tun Kafin A Sa Rana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin iyaye a Kaduna kan gwajin jini kafin aure. Yawanci sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an cika akwatunan lefe da atamfa da leshi daga kasuwar Sheikh Gumi, sannan a tura yaran asibiti, lokacin da kunyar fasawa ta riga ta fi ƙarfin kowa.

Idan saurayi da budurwa duk suna da nau'in jini AS, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma su kansu ba su da cutar, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai amosanin jini, wato sikila. Wanda ya taɓa kwana gaban yaron da ƙasusuwansa ke sara ya san yadda jinyar take cinye aljihun uba da barcin uwa, har ma'aurata su fara zargin juna.

Ina kira ga waliyyai su nemi sakamakon tun ranar neman izinin zance, limamanmu kuma, daga Masallacin Sultan Bello zuwa na unguwanni, su riƙa tunatarwa a huɗuba.

Wassalam,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna