A Ware Mana Gurbin Umarnin Kwamfuta da Kimiyya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙona shi ne ku ware ɗan gurbi a shafinku na fasaha, ko da layi goma ne a mako, da zai riƙa kawo umarnin kwamfuta guda ɗaya tare da kimiyyar da ke bayansa. Ina koyar da matasa kwamfuta a nan Katsina, kuma da yawansu, har da 'yan jami'a, da sun ga baƙin allon nan na cmd, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, sai gabansu ya faɗi. Alhali wasu abubuwan da suke biyan mai gyara a kansu, layi ɗaya ne kawai.

Ɗauki mai sayen laftof ta hannu. Mai shago zai rantse masa baturi garau yake. To kafin ya miƙa kuɗi, ya buɗe cmd a Windows ya rubuta powercfg /batteryreport, ya buɗe rahoton da zai fito. Lamba biyu zai duba: cajin da baturin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da wanda yake iya ɗauka yau. In ta biyun ta koma rabin ta farko, ciniki ya sauya. A nan ne za a gaya wa mai karatu dalili: baturin lithium ba ya shiri da zafi, domin zafi na gaggauta lalacewar sinadaran da ke cikinsa. Mu da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan yaro ya ɗora laftof a kan katifa ya toshe mata hanyar iska, ai shi ya kashe baturinsa da hannunsa.

Haka ping google.com. Zai nuna lokacin da saƙo ya ɗauka ya je kwamfutar Google ya dawo, da ma'aunin ms, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma a cikin wayar gilashi ta intanet yakan ragu zuwa kusan 200,000. Ke nan duk ms ɗaya, kilomita 200 ne kacal. Yaron da ya yi wannan lissafin da kansa ya gane cewa nisa ma na cin lokaci, ba kullum ne laifin kamfanin waya ba.

Sai masu filashin da bairos ya ɓoye musu takardu: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kan dawo da su fili, in E ne harafin filashin. Amma fa ba ya kashe bairos ɗin, wannan aikin daban ne.

In kun amince, don Allah a sa ido wajen bugawa. Tazara ɗaya ko ɗan karan nan mai karkata ya ɓace, umarnin ba zai yi aiki ba, mai karatu kuwa ku zai zarga.

Wassalam.

Naku,
Mai koyar da kwamfuta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina