Wai ina ungulayen Zariya suka shiga?

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu, akwai abin da ya kwana biyu yana ci min tuwo a ƙwarya.

Satin da ya wuce wani jaki ya mutu a bakin kwalbati kusa da layinmu a Tudun Wada, kwana huɗu yana nan a kumbure, wari ya hana kowa zama a ƙofar gida, ƙudaje da karnuka kawai ke ta sha'aninsu har sai da samarin unguwa suka haɗa kuɗi aka ja shi aka binne. A wajen ne wani dattijo maƙwabcinmu ya ce min, ɗana da a da ne ai ungulu ba za ta bar shi ya kwana ba. Wallahi sai jikina ya yi sanyi, don na rasa yaushe rabon da in ga ungulu a garin nan. Muna yara ba a raba su da kwata, ga su nan reras a kan rimayen cikin birni, mu har jifansu muke yi. An ce ungulu ba ta jewar banza, to yau jewar ma babu.

Mun raina ta saboda sanƙo da cin mushe, alhali cin mushen nan shi ne aikin da take mana kyauta. Ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cuta irin na ciwon saifa, wanda ya ɓulla a Suleja a 2023, in ta cinye mushe cutar ta ƙare a cikinta. Indiya sun ɗanɗana rashinta. Wani magani diclofenac da suke yi wa shanu ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushensu, sama da kashi 95 cikin 100 suka mutu, karnukan titi suka samu abinci suka yi ta hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin.

Mu namu ba kuskure ba ne, da gangan ne. Ana sa guba a nama a kashe su a kai wa bokaye kawunan, wai don farin jini ko kasuwa ko neman kujera, haba jama'a! Ga sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tal take yi a shekara ta ina za ta mayar da gurbi? Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun tamu cikin waɗanda suke gab da ƙarewa.

Ita ma mujiya haka muke mata, da ta yi kuka a kan rufi sai a ce mayya ce ko wani zai mutu a gidan, yara su bi ta da danƙo. Ɓeraye fa take farauta cikin dare, waɗanda suke mana ɓarna a rumbu, wasunsu ma ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Kuma camfin nan addini ya riga ya kore shi, hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim.

Roƙona ga limamanmu su taɓo maganar a huɗuba, don mutanenmu sun fi jin ta daga bakinsu. Likitocin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru su ma su riƙa shiga rediyo suna bayani da Hausa. Sarakunan pawa da masu unguwanni kuma, duk wanda aka gani yana ɗana wa ungulu tarko ko yana zuba guba a bayan kwata, a tsawatar masa tun a wurin.

Na gode.
Mai karanta jaridarku daga Tudun Wada, Zariya.