Zuwa ga Abba a Samaru

Abba,

Bayan gaisuwa, mu nan Tudun Wada sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta kawo tukunyar shukar da ka aiko, tana zaure kusa da buzuna. Na juya ta, na ƙwanƙwasa, ƙararta ta yi mini. Ga ramukan tsiyayar ruwa biyu, ga 'yan hudojin ɗaure saiwa da waya. Ashe kana ji lokacin da nake cewa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi tankaɗaɗɗe. 'Yar kukar da ke ciki kuwa, wai shekararta shida amma ba ta kai gwiwata ba! Japanawa da bonsai ɗinsu, wato renon ƙananan itatuwa a tukunya, sai kallo, ko da yake ka ce daga Sin suka samo. Hunturu ya shigo, kada ka bar sabon zubi a iska, tsagewa zai yi. Rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ka yi ta ban ruwa kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ƙanwarka ta ce ta tarar kana gurzar tukwane da samfefa, a bushe, cikin ɗakin da kake kwana, taga a rufe, girarka ta yi fari fat. Ta ce sau uku tari yana katse maka magana.

Haba Abba! Ka manta Baffanka? Ka manta yadda muke jiyo numfashinsa tun daga soro? Ƙurar yashi da siminti idan ta sauka a huhu ba ta fita, tabo take bari, ta yi shekaru tana cin mutum bai sani ba. Ni na yi masa wanka da hannuna. Ka daɗe kana jin haushina don na hana ka bina wurin gini, har ka gaya wa Ummanka wai raina ka na yi. To ga dalilin. Na toshe maka ƙofa, ka zagaya ta baya ka koma wa simintin nan. Tun daren Talata barcina rabi ne.

Ban ce ka bari ba, hannunka yana da kyau. Ka fitar da aikin tsakar gida. Jiƙa tukunya kafin ka gurza. Sayi takunkumi na gaske, hankici ba ya tare komai, da safar hannu ta roba, don ɗanyen siminti yana cin fata. Ka je a ɗauki hoton ƙirjinka cikin makon nan, kuɗin yana wurin ƙanwarka.

Ranar Juma'a ka zo da wata tukunyar. Akwai 'yar tsamiya da ta fito bayan rijiya, na hana a cire.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka